Ƙwallon da Ya Karkace

Obadiya na tsakiyar buga hatimi a kan takardar wani direban Maraɗi, sai Ummaru, abokin aikinsa, ya leƙo ta taga yana fifita da hularsa.

"Oga, ka ji an kama wanda ya jefi Inna Hajo?"

Hatimin ya sauka a karkace, rabi a kan takarda, rabi a kan tebur. Obadiya ya miƙa wa direban takardarsa ba tare da ya dube shi ba.

"Wa aka kama?"

"Wani Ɗantala, mutumin ƙetare ne, daga wajen Ɗan Isa. Korar tsuntsaye yake yi wa mutane a gonakin dawa. Matasan sintiri suka same shi da majajjawa, ga duwatsu cike da aljihu. Yana can gindin tsamiyar ƙofar mai gari, sun ɗaure shi. Har an fara cewa infoman 'yan bindiga ne."

Ummaru ya koma wajen shinge, inda motoci suka yi layi tun daga kasuwar Magama. Obadiya ya ajiye hatimin.

Shekararsa shida a wannan ofishi na kan iyaka, saura biyu ya yi ritaya ya koma Zonkwa. Golf kuwa, wasan buga ɗan ƙwallo da sanda, bara ya fara shi, bayan likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi abin da zai sa shi tafiya a ƙasa. Wani tsohon ogansa ya kai shi fili a Katsina wata Asabar, daga nan abin ya shiga ransa. A wasan kowa yana da lambarsa, handikaf ake ce mata, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon gwanintar mutum. Tasa ashirin da huɗu ce. Abokan wasa sukan tafa masa idan ya yi bugu mai kyau, irin tafin da ake yi wa wanda ba a sa ran komai daga gare shi.

Wannan tafin ne ya sa ya zauna ya rubuta wa kansa buri a bayan wata tsohuwar kalanda, ya manna a cikin murfin lokarsa, akwatin ƙarfen da yake ajiye kaya. Kafin Kirsimeti lambar ta sauko sha takwas. Kullum da safe ƙwallo hamsin, ko ana ruwa. Sannan ya raba kansa da ciwon da ya fi damunsa, wato ƙwallonsa da ke tashi sambal, sai ya yi nisa ya karkace dama kamar an kira shi. Wata huɗu bai fasa ko sau ɗaya ba. Lambar ta sauko ashirin da ɗaya, har ya fara tunanin ko sha takwas ɗin ma ta yi masa yawa.

Wurin da yake atisaye wani fako ne a bayan gidajen ma'aikata. Daga dama gonakin dawa suka fara, kuma a wannan kaka dawar ta fi tsawon mutum. Jiya da safe, a bugu na arba'in da wani abu, ƙwallon ya karkace ya faɗa can cikin dawa. Obadiya ya ji wani ƙwas, sannan wata 'yar ƙara gajeruwa. Ya tsaya da sanda a hannu yana saurare. Bai sake jin komai ba. Ya ce wa kansa akuya ce. Ya duba agogo ya ga bakwai saura kwata, kuma akwai saura ƙwallo shida a jaka. Ya buge su duka shidan, domin hamsin ya rubuta, ya tsince abin da ya gani, ya tafi aiki.

Sai wajen ƙarfe goma labari ya iso shinge cewa an tsinci Inna Hajo kwance a gonarta, goshi a fashe, ba ta san inda take ba. Ita ce tsohuwar da ke kawo fura bakin ofis tun kafin a kawo shi Jibiya. Ta san ba ya son sukari da yawa.

Jiya bai faɗa wa kowa ba. Ya ce wa kansa bari ta farfaɗo tukuna. Ya ce shi baƙo ne a garin nan, kuma Kirista, kuma mai kaki, idan magana ta fita ba a san inda za ta tsaya ba. Ya tuna da takardar tuhuma daga hedikwata, da shekara talatin da uku na aiki ba tabo. Duk dalilan nan gaskiya ne, kuma jiya sun ishe shi.

Ya tashi ya fita wajen Ummaru.

"An kira 'yan sanda?"

"An kira. Motarsu ta tafi Daddara tun asuba, an ce sai bayan la'asar."

"Riƙe min teburin nan, ina zuwa."

Ya bi ta bayan gidajen ma'aikata, ya ratsa fakon, ya shiga cikin dawa. Rana ta take, ganyen na yankar masa hannu. Shi kansa bai san me zai yi da ƙwallon ba idan ya same shi, ko ya nuna ko ya ɓoye. Ya ga inda kara ya kwanta, ga ƙwaryar da Inna Hajo ta zo tsinkar wake da ita tana kife, ga sawun mutanen da suka ɗauke ta. Ya durƙusa yana ɗaga yaɗon wake ɗaya bayan ɗaya. Bai yi minti goma ba ya gan shi, fari fat, da haruffan sunansa biyu da ya rubuta da jan biro. Ya share shi da gefen riga, ya sa a aljihu.

Wayarsa ta yi ƙara. Saratu ce, matarsa, wadda ke aikin jinya a asibitin da aka kwantar da tsohuwar.

"Baban Naomi, ta farfaɗo. Ta sha kunu, ta gane ɗiyarta. Likita ya ce ƙashin bai fashe ba, amma idon hagu sai an kai ta Katsina an duba."

"Mun gode wa Allah. Ta faɗi abin da ya same ta?"

"Ta ce ba ta ga kowa ba. Ta ɗago kai kawai sai ta ji duniya ta juya." Saratu ta sassauta murya. "Ni na wanke raunin jiya. Dutse ba ya yin rauni haka. Zagaye yake, sumul, kamar an danna ƙwai a laka."

Obadiya ya taɓa ƙwallon da ke aljihunsa.

"Jiya da ka dawo ba ka ci abinci ba, yau kuma ba ka fita atisayenka ba. Wata huɗu ban ga ka fasa ba. Ba tambayarka nake yi ba, Baban Naomi. Na dai ji an ce akwai mutumin da aka ɗaure."

"Na ji."

"To," in ji ta, ta kashe wayar.

Ya fito daga gonar, ya biya gida ya ɗauko sanda ɗaya da ƙwallo uku, ya nufi ƙofar mai gari a ƙasa.

Mutane sun fi hamsin a gindin tsamiyar. Ɗantala na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar raƙumi. Ba yaro ba ne, ya kusa hamsin, siriri, da 'yar furfura a gemu. Idonsa ɗaya ya rufe saboda kumburi, leɓensa ya tsage. Mai gari na kan kujerarsa yana ta ba da haƙuri, amma ba shi ake saurare ba. Rabe ake saurare, babban ɗan Inna Hajo, wanda kuma shi ne shugaban matasan sintiri.

Obadiya ya yi sallama, ya gaida mai gari, sannan ya juya.

"Rabe, ku kwance mutumin nan. Ba shi ba ne."

"Yallaɓai, wannan ba maganar shinge ba ce. Mu munka kama shi, da majajjawa tai a hannu."

"Ni ne na ji wa Inna ciwo."

Obadiya ya fito da ƙwallon ya ɗora a tafin hannu, ya faɗi yadda aka yi, tun daga fakon har ƙarar da ya ji. Bai ɓoye cewa ya ji ƙarar ba. Ƙwallo shidan da ya ƙara bugawa ne kawai bakinsa ya kasa faɗa.

Rabe ya dubi ƙwallon, ya dubi Obadiya, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Wanga ɗan abu? Daga bayan gidajenku har gonar Inna? Yallaɓai, in so kake ka fid da shi, ka faɗi kai tsaye. Mi ya haɗa ka da shi?"

Wani daga baya ya ce dama ma'aikatan iyaka sun san mutanensu. Gunaguni ya fara tashi. A lokacin Obadiya ya ga Ummaru ya iso, ya bar teburin, ya zo ya tsaya kusa da kafaɗarsa.

"Ranka ya daɗe," Obadiya ya ce wa mai gari, "a ba ni wuri in nuna musu."

Bayan gidan mai gari akwai filin makarantar firamare, babu kowa saboda Asabar ce, bayansa kuma saura ce da ba a noma ba. Aka ɗunguma can. Mai gari ya sa aka duba, aka tabbatar babu mutum ko dabba. Obadiya ya ajiye ƙwallo a ƙasa. Gumi na shiga masa ido. Ya ɗaga sanda ya buga.

Ƙwallon ya tashi da wani sauti mai tsabta, ya miƙe sambal, ya haye filin, ya haye katangar makaranta, ya sauka can gindin wata kuka da ba a ganin ta sosai. Bai karkace ko kaɗan ba. Tun da Obadiya ya fara wasan bai taɓa yin bugu irin wannan ba. Kafin ya hana kansa, sai da ya ji daɗi ya ratsa masa ƙirji, ya kuma ji kansa yana lissafin nisan. Kunyar da ta biyo baya ta fi duk wadda ya ji tun jiya.

Ba wanda ya tafa. Rabe ya miƙo hannu, Obadiya ya ba shi ƙwallon da ya tsinto a gona. Rabe ya jinjina shi, ya ƙwanƙwasa shi a goshinsa a hankali, ya karanta jajayen haruffan.

"Kuma ka ji ta yi ƙara."

"Na ji."

"Ka tahi aiki."

"Na tafi."

"Shekara nawa tana kawo maka hura?"

Rabe ya ɗaga hannu, Ummaru ya matso, amma Rabe fuskarsa kawai ya shafe. Ya juya ya koma gindin tsamiya, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar da kansa. Bai dubi Ɗantala ba, haka ma sauran matasan. Nan da nan taron ya fara raguwa, kowa ya tuna yana da abin yi.

Mai gari ya yanke cewa idan 'yan sanda sun dawo Obadiya zai je ya ba da bayani da bakinsa, gobe kuma shi zai kai tsohuwar Katsina a motarsa. Obadiya ya amsa da to. Ya durƙusa gaban Ɗantala ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce bari ya kai shi asibiti. Ɗantala ya miƙe da ƙyar, yana murza wuyan hannunsa.

"Gida zan tahi," kawai ya ce.

Obadiya ya koma ofis, domin aikinsa bai ƙare ba sai shida. Ya jingina sandar a bayan ƙofa, ya zauna. Ummaru ya kawo masa ruwa, ya ce shi zai raka shi wajen 'yan sanda. Motoci suka ci gaba da wucewa, na albasa, na siminti, da 'yan babur masu ɗauke da mutum uku-uku.

Bayan la'asar, a cikin masu tafiya a ƙasa, Ɗantala ya iso taga da ƙullin kayansa a ka. Ya bi layi kamar kowa. Da aka zo kansa ya zaro katinsa daga cikin leda, ya ajiye a kan katakon taga.

"Malam Ɗantala, ka wuce kawai."

"A'a, yallaɓai. Duba. Kar in kai gaba a ce ban bi ƙa'ida ba."

Obadiya ya ɗauki katin. Ƙa'idar aikin ita ce a dubi hoto, a dubi mai shi, a tabbatar mutum ɗaya ne. A hoton akwai wani mutum mai idanu biyu a buɗe, yana ƙoƙarin danne murmushi saboda mai hoto ya ce kar a yi dariya. Obadiya ya ɗago kai ya dubi fuskar da ke gabansa. Da wani ne a teburin, da ya ce katin ba nasa ba ne.

Ya miƙa masa katin da hannu biyu. Sannan ya fito daga ofis, ya ce wa mai gadin shinge ya bari, ya ɗaga sandar ƙarfen da kansa, ko da yake masu tafiya a ƙasa ta gefe suke bi. Ɗantala ya dubi shingen da aka ɗaga, ya gyara ƙullinsa, ya bi ta gefe.