Turaren Iya Mu'minat

"Matso da wayar kusa da kwalaben, Zahra, su ga kalar humrar sosai."

Na matsa. Iya Mu'minat ta jingina da bango, ta ja numfashi, ta fara da muryar nan tata ta kasuwa: "Lale, lale, matan N'Djamena! Sabon turaren wuta ya sauka..." Tari ya sarƙe ta. Muka jira ya lafa, muka sake ɗauka.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Mardjandafak. Da ƙafafunta suka daina kai ta rumfarta, ni na buɗe mata WhatsApp, nake ɗora hotunan kaya, mai babur ya kai wa masu saye. Da fari ƙi ta yi. "Wa zai sayi turaren da bai shinshina ba?" Amma da ta gane ana aika murya, sai wayar ta zama rumfa. Ba ta karatu, don haka da baki take amsa wa kowa, kuma ba ta faɗin farashi sai ta tambayi lafiyar yara da maigida.

Da damina ciwon ya ci ƙarfinta. Na ce mu sanar da mutane.

"A'a, 'yata," ta ce. "Amarya ta turara ɗakinta tana tunanin majinyaciya? Bar su da farin cikinsu."

Ranar Laraba da hantsi ta cika, saƙonni na ta shigowa wayar da ke gefen filonta. Na ɗora sanarwar a wurin da nake ɗora tallan.

Bayan la'asar wata baƙuwa ta yi sallama, ta zauna a bakin tabarma.

"Sunana Sharifa, daga unguwar Farcha nake. Ban taɓa ganinta ba. Lokacin da na yi ɓari, kowace safiya sai ta aiko min murya, tana tambaya ko na ci abinci. Ko kwalba ɗaya ban saya ba a watan." Ta share ido da gefen mayafi. "A ina take zama in tana min magana? Nakan ji tattabaru a bayan muryarta."

Na kai ta ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Tun safe ba wanda ya tuna da tattabarun. Sharifa ta tsuguna, ta ɗebi gero a kwano ta watsa, suka sauko ɗaya bayan ɗaya.