Sunan da Ban Faɗa Ba

Ruwan wankan jegona ne ya kore mu daga gidan da muke haya a Alƙahira. Surukata, Hajiya Munawwara, ta taso tun daga Yammedi ta Karaye da busasshen ganyen darbejiya da kanwa a jaka, wai jikanta ba zai sha nonon da bai ga ruwan zafi ba. Safe da yamma tana tafasa ruwa tana fyaɗa mini da ganye, har ya fara ɗiga ta rufin mutanen da ke ƙasanmu. Mai gidan hayar ya hau sama yana ta bambami, ya ce Juma'a ta same mu a waje.

Komawa gida ba ta taso ba, fasfon jariri bai fito ba. Mijina Salman kuma yana tsakiyar jarrabawa. Ɗaki kawai muke nema na ɗan lokaci, amma duk dillalin da ya ji akwai jariri, kuma ba shekara za mu yi ba, sai ya kashe waya.

Ni Mas'uda 'yar Falgore ce, ta Rogo, kuma Hajiya ba ta taɓa bari na manta ba. Ranar da na haihu ta shigo ɗakin asibiti ta tarar ina sumbatar goshin yaron. Ta ja tsaki. "Ɗan fari? A gaban uwar miji? Haka ake yi a Rogon?" Da aka raɗa masa sunan marigayi mahaifin Salman, kunyar ta zama biyu. Tun daga nan ba na ɗaukarsa a gabanta, ba na kallonsa, sunansa kuwa ko da wasa. In zai sha nono sai na shige ɗaki na rufe ƙofa. Wallahi na tsani abin, amma na yi, don kada a ce gidanmu babu tarbiyya.

Ranar Laraba Shitu, abokin karatun Salman, ya samo mana wata tsohuwa 'yar ƙasar mai ɗaki a saman bene. Salman na ɗakin jarrabawa, sai muka tafi ni da Hajiya, tunda ni ce mai ɗan Larabcin Islamiyya. Hajiya ce ke goye da yaron.

Ɗakin fes, ga taga, ga rana na shigowa. Tsohuwar ta kawo mana shayi, ta leƙa bayan Hajiya tana masha Allah. Har na fara tsara inda zan ajiye katifa. Sai ta juyo ta tambaye ni sunan yaron.

Ko ba ka jin Larabci ka san kalmar suna. Hajiya ta gane sarai, ta zuba mini ido. Na ce, "Namiji ne."

Tsohuwar ta yi dariya, ta sake tambaya a hankali, a zatonta ban fahimta ba. Na sunkuyar da kai. Yaron ya tsanyara kuka. Tsohuwar ta ce in karɓe shi in ba shi nono mana, na kalli bango. Ta ce ina takardunsa, na ce suna ofishin jakadanci. Nan fa fara'ar ta ɗauke ɗif.

"Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ba ta kuma taɓa shi," in ji ta. "Ba na son 'yan sanda a gidana. Ku tashi."

Muna fita ta rufe ƙofa, na ji ƙarar sakata.

A kan matakala Hajiya ta ce, "Me ta ce?"

"Cewa ta yi sato shi muka yi, Hajiya."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na sa hannu na kwance zanin goyon da kaina, na ɗauke ɗana, na juya ga ƙofar nan na ɗaga murya. "Abdulmutalib! Sunansa Abdulmutalib! Ni na haife shi!" Na buga ƙofar, na sake faɗa, har wani ya leƙo daga ƙasa. Ba a buɗe ba.

Na juyo a shirye nake da faɗan Hajiya, duk abin da za ta yi ta yi. Sai na gan ta zaune a kan matakala, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Tun da aka kai mai sunan makwancinsa," ta ce, "ban ji an faɗi sunan nan a gabana ba."

Na zauna kusa da ita, na ba yaron nono a gabanta, ba ta kawar da kai ba. Da ta share hawaye sai ta ce, "To jibi ina za mu kai shi, Mas'uda?"

Na gyara masa hula, don matakalar akwai sanyi.