Turmin Baba Dogara

"Ni na fara ganinsa," in ji Baba Dogara. "Tun kafin ki ɗaga hoton nan sama na hango shi. Ga shi nan."

Ya dangwala yatsa a kan hoton bakinsa. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar autarsa ba, ta kama yatsan a hankali ta kai shi ɗaya gefen, can ƙurya, inda turmin haƙorinsa na ƙarshe ya kwanta a karkace yana tokarar maƙwabcinsa. Baba ya ce ai nan ɗin yake nufi, hoton ne aka riƙe a juye.

Duk Makera an san bakin Baba Dogara. Bai taɓa zaman aji ba, amma ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta. Tirela ta taɓa watsar da shi a Gonin Gora, ya tashi ya kakkaɓe wando. Maciji ya sare shi a gona, kuma a faɗarsa macijin ne ya mutu. Sai dai ba waɗannan suka yi masa suna ba. Ba a biki a unguwar, na coci ko na Musulmi, sai an miƙa masa kwalbar lemo ta farko ya ɓalle marfin da haƙori, mata su yi guɗa. To ga shi ranar Asabar za a ɗaura auren autarsa Abigail, kumatunsa kuwa ya kumbura kamar ya ɓoye mangwaro.

Ya sha fama da kanumfari da tafarnuwa a ɓoye, har ranar da matarsa, Mama Edith, ta tarar da shi tsugune bayan kejin kaji yana share ido. Ya ce hayaƙi ne. Ta dubi murhun da ba a hura ba, ta kira Abigail, aka sa shi a keke sai asibitin haƙori a Barnawa.

Likita ta ce wannan ba cirewa kawai ba ce, sai an tsaga dasashi an ɗinke. Da ta faɗi kuɗin, Baba ya tambaya ko har da kujerar za a ba shi ya tafi da ita. Ya ce akwai wanzami a bakin kasuwa da zai fizge shi da filaya a kuɗin mudun shinkafa. Ya yunƙura zai tashi, Abigail ta dafa kafaɗarsa. Ta ce za ta biya da kuɗin rigar da ta so ta sauya a wurin liyafa, ta wuni a farar rigar coci kawai.

"Amma da sharaɗi, Baba. Ranar Asabar kwalba ba za ta taɓa bakinka ba."

"Gaban surukaina? Ai za a ce na mutu."

"Ka rantse, ko na kira tela yanzu in ba shi kuɗin."

Ya rantse, da rabin baki, don rabin ne kaɗai ke buɗuwa.

Ya gaya wa likita ba ya buƙatar allurar kashe zafi, a ajiye wa yara. Da ya ga tsawonta ya rintse ido, ya damƙe hannun Abigail, ya shiga kiran mahaifiyarsa da ta rasu tun ana kashe sule da sisi. Daga baya ya ce waƙar coci yake yi da yarensu. Aka fito da turmin, ƙato, saiwoyinsa a lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Aka cusa masa auduga, aka ce kar ya tofar da yawu, kar ya tauna abu mai tauri, kunu da fate kawai, daga gobe ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Bakin ya mutu, magana ta ƙi fita. Ya miƙa tafin hannu, sai da aka naɗe masa haƙorin a takarda sannan ya sauka daga kujera.

Kafin Asabar kumburin ya ragu, amma zaren ɗinkin na nan. Yana zaune a babban tebur, ƙamshin naman akuya na wuce shi, aka ajiye masa kofin kunu. Can mai gabatarwa ya kira sunansa a lasifika. Aminin Baba, Malam Shehu mai faci, ya taso da kwalbar lemo a faranti. Dangin ango da suka zo daga Kafanchan suka ɗaga wayoyi, don labarin ya riga ya kai musu.

Baba ya karɓi kwalbar. Sanyinta kaɗai ya sa ramin da ke bakinsa ya motsa. Ya ɗaga ta har kusa da leɓe, mata suka soma gyara murya. Sai ya hango Abigail cikin farar rigar da ta wuni a jikinta, bakin rigar duk ya yi ƙasa-ƙasa. Kallonsa kawai take.

Ya sauke kwalbar. Ya laluba aljihu ya warware takarda, ya ɗaga turmin sama kowa ya gani. Ya riƙe wuyan kwalbar, ya saƙala saiwar a ƙarƙashin marfin ya danna. Ya zame. Ya sake, ya zame, wani yaro ya tuntsire da dariya. A karo na gaba marfin ya yi tsalle, kumfa ta wanke gaban sabuwar rigarsa, haƙorin ya dare biyu a hannunsa. Guɗar da aka yi ta fi ta kullum, ko da yake rabinta dariya ce. Amarya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Mama Edith ta tura masa kunun, ta ce ya sha kafin ya huce.

Yanzu ɓarin biyu suna cikin kwalbar nan a kan talabijin ɗinsa. Yakan ce a duk Kaduna shi kaɗai ne haƙorinsa ya ci gaba da aiki bayan an sallame shi.

"Mai musu ya zo Makera," in ji shi. "Ya cire nasa, ga kwalba, mu gani."