Ƙashin Jaki a Wuyan Madam

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo irin ta kaka, ga iska ta tsaya cak. A lakol ɗin Gangara, wato makarantar boko, Ummuhani tana tsaye bayan aji tana kallon yadda Malam Barmo ke koyarwa. Aikinta ke nan a wannan shekara. Ta gama karatu a Yamai, aka turo ta ta zauna ƙarƙashin tsohon malami ta koyi riƙon aji. In shekara ta ƙare ya ce ta iya, a ba ta nata ajin. In ya ce ba ta iya ba, sai ta sake zama.

Shekarar ce aka tashi daga babban taron ƙasa. Ko'ina ka bi rediyo na magana, mutane sun samu baki. Amma a cikin ajin nan baki ɗaya aka yarda da shi, Faransanci. Akwai wani muƙamuƙin jaki da aka zura ma igiya, ana ce mishi sambol. Yaron da Hausa ta suɓuce mishi, a rataya mishi a wuya. Shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa mishi. Wanda aka tashi lakol ƙashin na wuyanshi, shi ke shan bulala.

Ran nan ƙashin yana wuyan Asta, 'yar Fulanin da ke rugar bayan gari. Ita Hausar ma ba ta daɗe da zama a bakinta ba. Laifinta, da Hausa ta ce tana jin ƙishirwa. Kuma ba ta iya farautar 'yan'uwanta, don haka in ƙashin ya zo wurinta, nan yake wuni.

Da Malam Barmo ya fita ya bar ma Ummuhani ajin, sai ta zo gaban allo. Ta dubi yarinyar, ta buɗe baki da Hausa garau.

"Asta, tashi ki je randa ki sha ruwa."

Sai wata yarinya ta ce, "Madam ta yi Hausa!"

"Na yi. To, mene ne doka? Asta, kawo shi nan."

Asta ta zo da shi. Ummuhani ta duƙa, aka rataya mata. Ƙashin ya fi yadda ta zata nauyi, ga wani ƙarni. Ta ci gaba da lissafi. Duk inda yara suka cije, sai ta warware musu da Hausa, ta koma Faransanci. Babu wanda ta kama. Yara suka yi ta zuba surutu, ita kuwa kamar kurma.

Da lokacin tashi ya yi, Malam Barmo ya shigo da bulala kamar kullum. Ya tsaya bakin ƙofa.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan a wuyanki?"

"Sambol ne, Malam. Ni aka tashi da shi."

"Cire ki ba mai shi."

"Ni ce mai shi. Duk ajin nan sun ji ni." Ta miƙa tafin hannunta. "Bismilla."

Ya dube ta, ya dubi yara. Ya kore su, amma ba su yi nisa ba, suka maƙale jikin taga.

"Da wannan ƙashin aka koyar da ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ke ma da irinshi kika kai Yamai. Kina tsammani mugunta ce? Ranar jarrabawa da Hausa za a tambaye su? Ko taron naku ya soke wannan ma?"

"Na sha shi, Malam, shi ya sa. Wata guda na taɓa yi ban yi magana a aji ba. Yarinyar nan ruwa ta roƙa."

"To ki sani, mufatishi mai duba malamai zai zo daga Agiye ya tambaye ni. Ba zan ce kin iya riƙon aji ba. Sai ki sake shekara."

Ta tuna innarta da ta gama gaya ma unguwa cewa baɗi 'yarta cikakkiyar malama ce.

"Sai in sake, Malam. Amma kullum da safe ni zan fara yin Hausa, kuma a wuyana zai wuni. In akwai duka, kun san inda hannuna yake."

Ya naɗe bulalar, ya sa a hammata, ya fice.

Ta share allo, ta tattara alli, ta fito za ta rufe aji. Ƙyauren langa-langa ya sauka ya cije a ƙasa. Ta ja, ta tura, ƙashin na bugun ƙirjinta, ya ƙi motsi. Sai ga Malam Barmo ya dawo daga gindin itacen bedi. Ya sa kafaɗa ya ɗaga ƙyauren, ya ja shi ya rufu. Bai dube ta ba. Ya hau kekenshi ya nufi cikin gari.