Kaskon Gyara

Duk kasuwar Jega babu mai ginin tukwane kamar Goggo Balaraba, kuma babu mai bakinta. Shekara uku ke nan da Nasara suka kwashi ɗanta Isiyaku ɗaukar kaya zuwa gabas, ko labari babu. Da kaka ta yi, yayanta Malami ya zo daga Maiyama ya ce ranar Juma'a za a yi sadakar mamaci, a zuba gero a ɗakin yaron, tun da ɗaki ba ya zaman banza. Goggo ta amince, abin da ba halinta ba. Ita ma ta gaji da sa ido.

A makon ne Gidari ya zo rumfarta, wani Ba'indiye mai auna wa Nasara hanyar Aliero. Ya ce yana son kasake talatin, ƙanana kamar tafin hannu, kowanne da ɗan baki a tsuke.

"Wanga ko kaza ba ta shan ruwa ciki," in ji Goggo. "Mi za ka yi da su?"

"Fitila, Goggo. Sallarmu ta zo."

Ta gina, ta gasa, ta ɗora guda ɗaya a kai gyara, don ba a taɓa cewa Balaraba ta sallami mai saye hannu sake ba. Ranar Alhamis gab da magariba ta kai masa da kanta, har da son ganin ƙwaƙwaf.

Ta tarar ya share gida fes, ya zana fure da garin shinkafa a ƙofa, ya bar ƙyaure a buɗe. Yana zuba man gyaɗa a kasaken, yana murza lagwanin auduga, yana yi mata bayani da gurguwar Hausarsa. Sunan sallar Diwali. Ana yin ta a daren da wata ya ɓuya, don a nuna haske ya fi ƙarfin duhu. A wurinsu arziki ba ya shiga gidan da ba a share ba. Asalinta kuwa, wani sarkinsu aka kora daji shekara goma sha huɗu, da zai dawo mutanen gari suka jera fitilu don kada ya ɓata hanya.

"Goma sha huɗu?" in ji Goggo. "Ba su yi mai sadaka ba?"

"Jira suka yi."

Maganar ta soke ta, har ƙwalla ta cika mata ido. Gidari ya jera talatin ɗinsa, ya ga ɗaya ya ragu. Ta ce ai gyara ce. Ya cika shi da mai ya miƙa mata tare da alewa, ya ce su ranar nan maƙwabci ake ba, ba a karɓa kawai.

Addininsa nasa ne, ita ba ruwanta da shi. Amma mai ai mai ne, kaskon ma hannunta ya gina. Tana isa gida ta yi sallah, ta share ɗakin Isiyaku, ta yi bisimilla ta kunna fitilar a bakin ƙofa.

Malami ya leƙo. "Balaraba, mi na ne wanga? Gobe hwa sadaka."

"Yaya, a yi sadaka, amma ta neman Allah shi maido matafiyi. Geronka ko, nemo mai rumbu. Ɗakin ga da mai shi."