Darasi Biyu a Jere

Malamar zane ta tura ƙofar ofishin mataimakin shugaban makaranta ko hannu ba ta tsaya wankewa ba, yumɓu ya bushe mata har gwiwar hannu. Ta dire tukunyar da ta riƙo a kan teburinsa, dab da babban kwalin jadawali. Tukunyar ta tsage daga baki har gindi.

"Ranka ya daɗe, dubi nan. Ta biyar ke nan a makon nan."

Mataimakin ya janye kwalinsa kada ƙasa ta ɓata shi. Baba Fensir malamai ke ce masa a bayan idonsa, don yana da tsarinsa da ba ya sakewa: makonni biyun farkon zango da fensir yake rubuta jadawali, mai kuka ya kawo kukansa. Ranar Juma'a ta biyu, ana kaɗa ƙararrawar tashi, sai ya bi rubutun da biro. Daga nan ko shugaban makaranta ne ya zo, sai dai ya jira wani zangon. Yau ce Juma'ar, saura minti ashirin da biyar.

"Malama, ni jadawali nake yi, ba tukwane ba."

"Ai jadawalin ne ke fasa su." Ta ɗora yatsa a kan kwalin. "Darasi huɗu ka ba ni a mako, kowanne minti arba'in, kowanne ranarsa daban. Minti goma mu fito da yumɓu mu kwaɓa, goma mu wanke hannu mu share ɗaki. A ashirin ɗin da suka rage me za a gina? Mu rufe da tsumma mu tafi, kashegari ƙasa ta bushe, sama ɗanye, sai ta tsage. Saura mako tara masu jarrabawa su zo, yara goma sha bakwai, kowa sai ya nuna abin da ya gina da hannunsa. Biyu a jere kawai nake roƙo, sau ɗaya a mako."

"Kin ga malamin lissafi?"

"Na gan shi. Ya ce safiya ta lissafi ce, wai wasan ƙasa ko da yaushe ma a yi."

"Mai kimiyya fa?"

"Ya ce nasa biyun na ɗakin gwaji ne, ba a taɓawa."

"Malamin kiɗa kuwa kwana biyu kawai muke da shi, sauran yana wata makaranta." Baba Fensir ya gyara tabarau. "To kin gani."

Abin ya ƙona mata rai. Kullum haka ne, sai an gama raba wa manya tsoka sannan a tuna da zane da kiɗa, a cusa su duk inda rami ya rage. Ta sunkuya kan kwalin tana bin layin ajinta da ido, Litinin, Talata. Sai ta tsaya cak. Laraba, darasi na bakwai da na takwas, an rubuta "karatun kai".

"Wannan fa? Biyu a jere, yara na zaune ba malami, ni kuma ina ta yawon roƙo ofis-ofis?"

Ya ɗauki abin goge fensir ya juya shi, ya ajiye.

"Ranka ya daɗe, magana nake."

"'Yata," ya ce, bai taɓa kiranta haka ba, "ranar Laraba ƙarfe ɗaya kina ina?"

Ranar Laraba ƙarfe ɗaya tana cikin motar haya da mahaifinta, hanyar asibiti, wankin ƙoda. Yayanta ke kai shi ranar Asabar, ita Laraba. Awa huɗu yake yi a jikin na'ura, in ya sauko ko matakalar asibitin ba ya iya sauka sai ya dafa kafaɗarta. Shekara biyu ke nan. Bakinta ya saba da faɗin cewa ta yi sa'a Larabarta ba darasin rana, har ta manta da tambayar wa ya shirya mata sa'ar.

"Kowane zango da wannan gurbin nake farawa," in ji shi. "In toshe shi, sannan in raba sauran. Ba wanda ya sani, shugaba ma bai tambaya ba. Na juya kwalin nan sau bakwai, wallahi ba wani biyu a jere sai shi."

Ta zauna a kujerar baƙi ba a ce ta zauna ba. Kunya ta kama ta, ga tsoro. Ta kira yayanta, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta san ma amsar: a masana'antar da yake aiki ba a ba da hutun Laraba, Asabar ɗin ma da ƙyar ya samu. Ta tagar ofis tana hango ɗakin zane, yaran ba su tafi ba, suna lulluɓe ginin yau da jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙararrawa ta kaɗa. Baba Fensir ya buɗe aljihun tebur ya ciro biro, ya cire murfin.

"In bar shi yadda yake? Ba mai ganin laifinki."

"Goge," ta ce. "Rubuta zane."

"Kin samu mai kai shi?"

"A'a."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya goge. Tana zaune har ya gama bin rubutun da biro.

A baranda ta kira gida. Mahaifin ya ɗauka da kansa, muryarsa a shaƙe amma da fara'a. Ta faɗa masa duka a gurguje, ba ta ɓoye cewa ita ta zaɓa ba.

"Yara nawa kika ce?"

"Sha bakwai, Baba."

"To ai sun fi ni yawa." Ya yi tari. "Rubuto mini lambar motar da muke hawa, uwata, zan kai kaina. Da manyan baƙi, idon ba ya gani sosai."