Benci a Ƙarƙashin Tagar Lennox

Tanti Eudora ta kai cokalin romon kifi bakinsa, Lennox ya kau da kai, ya tambaye ta ko mutanen unguwar nan mutuwa suka yi.

Ta gane nufinsa. Shekara da shekaru shi da abokansa suna zama a bakin kwatar da ke gaban gidanta da nasa a garin Tunapuna, suna abin da suke kira layim: karta, giyar rake, gardamar wasan kurket, babu aikin fari balle na baƙi. Ba sunan da ba ta kira su da shi ba, ta kuma sha watsa musu ruwan wanki. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, 'yarsa Verna ta zo daga Toronto, ta ce hutu yake bukata, ta kore su.

"Shirun nan ke hana ni barci," in ji shi. "Ji nake kamar an riga an binne ni."

Da rana tsaka Eudora ta tafi shagon giya na bakin titi. Ta sami abokan nasa, Sookdeo da Cuthbert, sun fara yin mankas. Da Sookdeo ya gan ta sai ya janye ƙafafunsa, ko da ta zo da bokiti. Ta ce su tashi su zo su zauna a benci ƙarƙashin tagar Lennox. Cuthbert ya ce Verna ta rantse za ta kira 'yan sanda. Eudora ta ce tagar ta Lennox ce, amma ƙasar da ke ƙarƙashinta a farfajiyarta take, bencin ma nata ne.

Sai da suka biya gida suka sa riguna gogaggu. Suka zauna a jere, hannuwa a gwiwa, kwalba a ɓoye, suna raɗa cewa komai nufin Ubangiji ne. Eudora na jin numfashin Lennox ta taga. Zaman makoki suka zo yi wa mai rai.

Ta fito ta riƙe ƙugu.

"Sookdeo, tsohon banza, har yanzu kana ɓoye kati ƙarƙashin cinya? Daga tagata nake kallonka tun gashinka na baƙi."

Cuthbert ya miƙe, ya ce da ma ya sani. Sookdeo ya rantse da kabarin uwarsa. Kwalba ta fito, karta ta fito, aka raba uku don a gwada gaskiya, na Lennox aka ɗora a bakin tagarsa. Verna ta taso a fusace, sai ta ji muryar mahaifinta, siririya:

"Ɓarawo ne. Na sha gaya muku."

Ta tsaya. Ta juya ta ƙara buɗe tagar.

Wajen la'asar Lennox ya sami barci, karo na farko a makon. Su kuwa sun koma gardamar wanda ya taɓa faɗawa kwata da kekensa.

Inuwar mangwaro ta kai katanga lokacin da Verna ta leƙo. Eudora ta dubi fuskarta, ta gane Lennox ya cika, ta yunƙura za ta tashi.

"Tanti, zauna," in ji Verna a hankali. "Bari su gama wannan zagayen."

Sookdeo ya lashi yatsa ya raba kati. Ɗaya gaban Cuthbert, ɗaya gabansa, ɗaya a kife a bakin taga.